Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Injin Iska Don Wutar Gida A Kano

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, fara sanin abin da iskar wurinka za ta iya ba ka. Sau da yawa injin iskar da ka gani ya tsaya cik a saman gida lafiyarsa ƙalau, wurin da aka kafa shi ne ba iska mai amfani. Iskar Kano matsakaiciya ce. Tana da ƙarfi da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da take tasowa daga arewa maso gabas, sai kuma farkon damina da hadari ke zuwa da guguwar da ke yaye kwanon rufi. A tsakani akwai makonnin da ganye ma da ƙyar yake motsi. Injin da ya dace da mu shi ne wanda zai fara caji da 'yar iska kaɗan, ya kuma tsira daga guguwar Mayu da Yuni. Abokin aikin sola ne, ba magajinta ba: yana aiki da dare, da ranakun da ƙurar hunturu ta dushe rana.

Lissafin wutar da za ka samu

Ƙarfin da ke cikin iska ya dogara da faɗin da'irar da farfela ke sharewa, da nauyin iskar, da gudunta. Gudun ne babba, domin sau uku ake ninka shi a kansa. Idan gudu ya ninka biyu, wuta ta ninka takwas. A wajen 1920 wani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa babu farfelar da za ta kwashi fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iska, kuma injin haɗin gida mai kyau kusan kashi 30 yake kaiwa batir.

Ɗauki farfela mai faɗin mita 2.4, wadda a kanta aka gina wannan bayanin. Da'irarta murabba'in mita 4.5 ce. Da iskar Kano, wadda zafi da tudun ƙasa suka sa ta ɗan fi ta bakin teku sauƙin nauyi, za ka sami kusan wat 20 a gudun mita 3 a sakan, wat 50 a mita 4, wat 90 a mita 5, wat 160 a mita 6, da kusan wat 380 a mita 8. Inda matsakaicin gudun iska ya kai mita 4, wannan kusan kilowat ɗaya da rabi ke nan na awa a yini, daidai da abin da farantin sola mai wat 300 ke bayarwa a rana mai kyau. Inda matsakaicin mita 3 ne, ba zai kai rabin haka sosai ba. Kilowat ɗaya da rabin nan ya isa ƙwai shida na LED, fankar DC biyu, talabijin da cajin wayoyi. Firji da dutsen guga ba sa cikin lissafi.

Wannan lissafin ne zai kare ka daga ƙananan injinan da ake tallatawa da farfela mita ɗaya da ɗoriya an rubuta musu wat dubu. Kwali yana iya faɗar abin da ya ga dama. Da'irar farfela ce ke yanke hukunci.

Wuri

A cikin ganuwa da unguwanni masu cunkoso kamar Fagge, Kurna ko Brigade, benaye da tankunan ruwa da bishiyoyin darbejiya sun riga sun kakkarya iskar. Tana zuwa a hargitse, ta nan ta can, injin ya yi ta waige-waige bai caji komai ba, boris kuma yana cinyewa. Wuraren da suka fi dacewa su ne gefen gari inda fili ya buɗe: gidajen gona da sababbin unguwanni ta wajen Gezawa, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi da makamantansu, musamman inda gabas da arewa ba abin da ya tare.

Ƙa'idar ita ce farfela ta ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin mita 100 da kusan mita 9. Tsayi ya fi komai riba: idan ƙarin tsayi ya ƙara gudun iska da kashi 20 kacal, wutar ta ƙaru da kusan kashi 70. Kada ka ɗora injin a kan rufi ko ka ɗaure shi da katanga. Girgizarsa tana bin gini, ta tsattsage bulo, ta hana mutanen gida barci.

Gwajin da ya fi inganci shi ne ka ɗaga ƙaramin ma'aunin gudun iska mai ajiye bayanai a tsayin da kake nufi, ya kwana can wata biyu ko uku, har da wani ɓangare na lokacin da ba hunturu ba. Idan ba hali, ɗaura dogon ƙyalle mara nauyi a kan gora mai tsawo. In ya miƙe ya tsaya gefe ɗaya, iskar mai kyau ce. In yana naɗewa yana dukan gorar, ƙara tsayi ko sauya wuri. Wanda ke kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ya nemi izini kafin ya ɗaga dogon ƙarfe.

Janareta

Altanetar mota ba ta yi. Sai ta kai juyi dubu ko fiye a minti kafin ta fara caji, kuma tana cin wat 40 zuwa 50 don ta samar wa kanta maganaɗisu, wato duk abin da iska mai mita 4 za ta ba ka. Farfelarmu kuwa juyi 150 zuwa 200 take yi a ƙaramar iska. Injin fankar sama da aka cusa wa maganaɗisu yana nuna bolt mai yawa a mitan awon wuta, amma wayarsa siririya ce, da ka ɗora masa batir sai ya zube.

Abin da ya tabbata shi ne janareta mai faifai, irin wanda Hugh Piggott na Scoraig a Sikotland ya yaɗa, ake kuma haɗa shi a ƙasashe da dama. Babu ƙarfe a cikin kwayil ɗinsa, saboda haka ba ya cijewa, 'yar iska ma tana tayar da shi. Ga kayan na tsarin bolt 24:

Faifan ƙarfe biyu, faɗin milimita 300, kauri milimita 8. Maganaɗisun neodimiyom 12, kowanne milimita 46 da 30 da 10. Waɗannan yawanci odarsu ake yi daga Sin. Wayar kwayil ta tagulla mai kauri milimita 1.5, kilo 3. A wurin masu naɗin kwayil lamba 17 ce ta fi kusa. Hob ɗin tayar baya na ƙaramar mota da boris ɗinsa, wanda Ƙofar Ruwa ba ta rasa shi. Rezin kilo 3 da ruwan daskarar da shi, ƙyallen faiba, hodar talk, da dogayen ƙusoshi masu zare na milimita 12 da notinansu.

Zana da'ira a kwali ka raba ta gida 12, digiri 30 kowanne, ka yi amfani da shi wajen jera maganaɗisun a bakin faifai ɗaya, tsawonsu yana kallon tsakiya. Fuskokinsu su riƙa saɓawa, arewa, kudu, arewa, kudu. Riƙe ɗaya a dunƙulen hannu ka bi ta samansu: ya kamata ka ji ja, turi, ja, turi. Guda ɗaya da ya juye ya ɓata aikin duka. Manna su da gam mai ƙarfi, sannan ka zuba rezin ya kewaye su, don da zarar danshi ya ratsa rufinsu tsatsa take cinye su. Faifai na biyu babu komai a kansa, aikinsa ya mayar da ƙarfin maganaɗisun ta cikin kwayil.

A kula sosai a nan. Waɗannan maganaɗisun suna fasa yatsa idan suka haɗu da ƙarfe. Nisanta sufana, waya da katin banki, kuma mai na'urar bugun zuciya kada ya matso wurin.

Kwayil tara za ka naɗa, domin kowane maganaɗisu huɗu kwayil uku suke so. Yi ƙaramin abin naɗi da katako, ramin tsakiya daidai girman maganaɗisu, kaurin kwayil milimita 12 zuwa 13, faɗin ƙafarsa kusan milimita 20. Naɗi 75 kowanne, a matse, duk ta gefe ɗaya. Amma kada ka naɗa tara kai tsaye. Naɗa ɗaya, ka saka shi tsakanin faifan biyu a kan hob, ka juya da hannu juyi biyu a sakan. Mitan awon wuta da aka saita a AC ya nuna kusan bolt 2.4. Idan ya nuna haka, janaretan zai fara cajin batir a wajen juyi 180. In ya gaza, ƙara naɗi gwargwadon giɓin. In ya zarce da yawa, rage, domin janaretan da ya fara caji da wuri yana danne farfela ta kasa ɗaukar gudu. Bayan ka gama, auna nauyin kowane kwayil a sikeli. Wanda ya bambanta da saura an yi kuskuren ƙirga.

Jera su a da'ira ka ba su lamba. Ƙarshen na 1 ya haɗu da farkon na 4, ƙarshen na 4 da farkon na 7. Haka 2 da 5 da 8, haka 3 da 6 da 9. Farkon 1, 2 da 3 a haɗe su wuri ɗaya a rufe. Ƙarshen 7, 8 da 9 su ne wayoyi ukun da za su fito. Kankare fentin waya sosai kafin ka yi musu dalma. Murɗawa kawai ba ta isa, wurin zai yi zafi a cikin rezin inda ba ka iya kaiwa gare shi.

Yi mazubi da filawud, shafa masa man baselin, shimfiɗa faiba, zuba rezin da aka dama da hoda, jera kwayil, ƙara rezin da faiba, rufe ka danne da noti. Zafin Kano yana sa rezin kamawa kafin ka shirya. Yi zubin da sassafe a inuwa, ruwan daskararwa kada ya wuce kashi 1 cikin 100. In ya yi yawa sai ya yi zafi ya tsage. Wajen haɗawa, bar tazarar milimita 1.5 tsakanin faifan kwayil da kowane gefe. Faifai na biyu kada ka sauke shi da hannu, zai fizge. Huda masa ramuka uku masu zare, ka sauke shi a hankali da ƙusoshi. Gwajin ƙarshe: haɗa waya biyu ka juya, za ka ji yana tsalle-tsalle, haɗa ukun, ya yi tauri sumul. In ba haka ba, akwai kwayil da aka juya.

Farfela

Bututun roba da aka tsaga yana yi wa ƙaramin inji na gwaji, amma rana tana busar da shi ya karye, kuma a faɗin mita 2.4 hatsari ne. Katako za ka sassaƙa. A 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo nemi malaina ko afara busasshe, inci 2 da 6, miƙaƙƙe, mara ido. Ɗanye zai murɗe bayan ka gama wahala. Fiffike uku, kowanne milimita 1200.

Ja layi a kowane milimita 200 daga gindi. Faɗin fiffike a layin 400 ya zama 150, a 600 ya zama 125, a 800 ya zama 95, a 1000 ya zama 75, a baki 60. Fuskar da ke kallon iska shimfiɗaɗɗiya ce amma a karkace: gefen gaba yana nan a saman katako, gefen baya kuma ana sassaƙe shi ƙasa da milimita 37 a layin 400, sai 18, sai 9, sai 5, sai 2 ko 3 a baki. Wannan murɗin shi ne sirrin abin, domin bakin fiffike ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba. Kauri kuma 25, 17, 12, 9 da 7. Bayan fiffike, wanda ke kallon turke (dogon ƙarfen da ke ɗauke da injin), a yi masa doro kamar fiffiken jirgi, mafi kaurinsa a kashi ɗaya cikin uku daga gefen gaba. Gefen gaba a zagaye, na baya siriri bai kai milimita 1 ba. Gindin a bar shi da kaurinsa, a matse ukun tsakanin faifan filawud biyu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juya doron ya kalli iska. Farfelar za ta juya, amma a kasalance, ba za ta taɓa kai gudun caji ba.

Tazara daga bakin wannan fiffike zuwa na gaba ta zama milimita 2078 duka uku. Ɗora farfelar a kan hob inda ba iska, ka ga ko wani fiffike yana saukowa ƙasa da kansa. Ƙara ƙaramin ƙarfe a gindin ɓangaren da ya fi sauƙi har ta tsaya duk inda ka bar ta. Sannan fenti mai kyau shafi uku. A iska mai mita 10 bakin fiffike yana gudun fiye da kilomita 200 a awa, kuma a wannan gudun ƙurar hunturu sanfefa ce. Shafa gam mai tauri na ifokzi a gefen gaba, daga tsakiya zuwa baki.

Jela da kariyar guguwa

Nan ne aikin mai walda, kuma nan ne injin ke rayuwa ko ya mutu. Jikin injin yana zaune a kan guntun bututu inci biyu da rabi da aka zura a kan bututun turke inci 2, da giris, don ya riƙa juyawa. Tsakiyar janareta ba ta zama daidai kan turke. A gusar da ita gefe da santimita 10 zuwa 12. Saboda haka iska kullum tana ƙoƙarin ture farfela gefe, jela tana hana ta. Jelar kuma ba a walde ta a kafe. Tana rataye a kan ƙarfen da ya karkata kusan digiri 20 daga tsaye, ta yadda in za ta naɗe sai ta ɗaga nauyinta sama. A iska ta yau da kullum nauyin jela ya fi ƙarfi, farfela tana fuskantar iska. Da iska ta wuce wajen mita 10 a sakan, turin ya rinjayi jela, farfela ta kauce gefe, guguwa ta wuce. In ta lafa, nauyin jela ya dawo da komai.

Hannun jela mita 1.2, allonta filawud mai kusan santimita 90 da 45. Jela mai nauyi tana jinkirta kaucewa, kwayil ya yi zafi, maganaɗisu kuma in ya wuce digiri 80 ƙarfinsa yana raguwa ba ya dawowa. Gara ta kauce da wuri. Walda ƙarfen tsayawa biyu, ɗaya ya hana jela taɓa farfela idan ta naɗe. Ɗaga hancin janareta sama da kusan digiri 4 don fiffike ya nisanci turke.

Turke

Bututun ruwa mai kauri inci 3, tsawo biyu, ya ba ka mita 12, da guntun inci 2 a sama. Gindinsa a kan maƙalin da ke lanƙwasawa, don a riƙa kwantar da shi ana gyara a ƙasa, ba hawa ba. Wayar ƙarfe milimita 6 ta riƙe shi ta kusurwa huɗu, a tsakiya da kuma ƙasa da bakin farfela kaɗan. Kowane turken ɗauri mita 6 daga gindi, ramin mita ɗaya cike da kankare, domin ƙasa mai yashi tana saki in ta sha ruwan Agusta. Fara ɗaga turken shi kaɗai ba inji, ka daidaita wayoyin. Inda zai faɗi in ya faɗi kada ya zama ɗaki, hanya ko wayar lantarki. Kafa sandar tagulla a ƙasa ka haɗa ta da turken saboda tsawa.

Haɗin wuta

Wayoyi uku su sauko ta cikin bututun a sake, da soket a ƙasa da za a riƙa cirewa ana warware murɗi. Nisan mita 30 yana son waya mai murabba'in milimita 6. A amfiya 20 asararta kusan wat 70 ce, ta murabba'in milimita 2.5 kuwa kusan wat 170. A Sabon Gari ka kankare bakin wayar kafin ka biya, domin akwai alminiyom da aka yi wa rufin tagulla.

Abu na farko a ɗakin batir shi ne makunnin birki, wanda ke haɗe wayoyi ukun wuri ɗaya ya tsayar da farfela. Daga nan rektifaya mai layi uku, wadda ke mayar da wutar janareta ta AC zuwa DC ɗin da batir ke karɓa, amfiya 50 ko fiye, a kan faffaɗan alminiyom mai shan iska. Sai fis, sai batir biyu masu bolt 12, amfiya-awa 200 (200Ah), a jere. Inbata daga batir take ɗauka.

Kada ka haɗa injin iska da kwanturolar sola ta gama-gari. Ita in batir ya cika yanke layi take yi. Farantin sola bai damu ba, amma farfelar da aka cire wa kaya gudu take yi har ta tarwatse. Injin ya kasance a haɗe da batir kullum, kwanturola mai karkatar da rara kuma ta riƙa zubar da abin da ya wuce bolt 28.8 a cikin abin ɗumama. Wannan abin ɗumamar ya iya shanye amfiya 20 zuwa 25, wato juriyarsa ga wuta kusan om 1.2. Hitar ruwa ta bolt 220 mai wat 1000 ba za ta yi ba: a bolt 28 wat 16 kawai take ja. Mai batirin lityom ya saita karkatarwar ƙasa da inda batirin ke yanke kansa, in ba haka ba matsalar ɗaya ce.

Kulawa da alamomin matsala

Kwantar da turken sau biyu a shekara, a Oktoba kafin hunturu da Afrilu kafin hadari. Sabunta giris, duba gefen gaban fiffike, ƙara ɗaure notina, duba tsatsa a maƙalan waya. Idan hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ja birki tun iska ba ta iso ba. A tsakiyar guguwa birkin yana iya kasa tsayar da ita, kwayil ya ƙone.

Turke yana rawa a wani gudu na musamman: farfela ba ta daidaita ba, ko wani fiffike ya sha ruwa. Ƙarar gurza: boris ya saki har maganaɗisu yana taɓa faifan kwayil, tsayar da shi nan take. Farfela tana juyawa a hankali duk da iska mai kyau: waya biyu sun haɗu a cikin bututu, ko dayod ɗaya na cikin rektifaya ya ƙone ya haɗe. Tana gudu da kuka amma amfiya ba ta motsi: layi ya yanke ko fis ya tafi, ja birki kafin ka nemi wurin. Gurnani da girgiza lokacin caji kuma alamar layi ɗaya cikin ukun ne ya katse, galibi a soket ɗin gindin turke inda ƙura da ruwa ke taruwa.